Motata Mai Ciki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fito sayar da motata da kaina ba, kuma na san 'yan Zongo ma ba za su bar ni in manta ba.

Motar nan ta daɗe tana ɗauko mini atamfofi daga kasuwa, ba ta taɓa yar da ni a hanya ba. Gwiwata ce ta gaji kafin ita. Da Malam Idi dillali ya ji labarin zan sayar, sai ga shi da sallama, wai in ba shi makulli. Ni kuwa lokacin ban jima da shiga lakol, wato makarantar manya, ba, kaina na hayaƙi. (Duk wanda ya koyi karatu da furfura ya san ciwon nan. Ko buhun shinkafa na gani sai na tsaya na karanta shi.)

Na ce masa, a gaban abokansa, "Malam Idi, zamanin da za ku tsaya tsakanina da mai saye kuna yaren Faransi a kaina ya wuce. Ni zan rubuta, ni zan sayar."

Ya ce, "Idan ta ƙi fa, Hajiya?"

"In Juma'a ta same ta a ƙofar gidana, zo ka ɗauka, kuma in kira ka Mushe, Yallaɓai na Faransanci, a gaban kowa."

Ranar Alhamis na sa aka wanke ta tas, na ajiye ta bakin titi, daura da rumfar dillalan don su gani da kyau. Na samo kwali na zana manyan baƙaƙe da Faransanci, cewa ta sayarwa ce. Sai dai iska ta hana kwalin zama a gilashi. Da na gaji da tsintowa, sai na jawo kujera, na zauna jikin motar, na ɗora shi a kan tumbina na riƙe. (Allah bai rage ni da tumbi ba, wannan kowa shaida ne.)

Wani ɗan zem, wato ɗan acaɓa, mai riga ruwan ɗorawa ya rage gudu, ya duba, ya daka ihu, "Barka, Maman!" Na ɗaga masa hannu. Wani ma ya yi hon, ya ce Allah ya raba lafiya. Na ce amin, a zatona rabuwa da motar yake nufi. Can rumfa kuwa dillalai sai faɗuwa suke a kan juna. Na ce a raina baƙin ciki ne.

Malam Idi ya tsallako yana share hawaye. "Hajiya, ashe abin arziki ya samu? Yaushe ne sunan?"

"Sunan uban wa?"

Na miƙe zan wanke shi tas, sai wata mota ta tsaya. Hajiya Mariyama ce, mutuniyar Damagaram da ke sayen motoci tana turawa Nijar. Sunanta kawai nake ji, ba mu taɓa gaisawa ba. 'Yar siririya, mayafi fari, ba ta ɗaga murya. Ta dubi kwalin, ta dube ni, ta dubi mazan nan da ke jiran in tashi bori. Ko murmushi ba ta yi ba.

Ta zare kwalin daga hannuna a hankali, ta ɗora a kan motar, ta ce, "Ashe motar ce mai ciki. To ni irinta nake nema, in sayi ɗaya in tashi da biyu. Malam, ko taku rumfar akwai mai haihuwa?"

Dariyar ta juya kan Malam Idi. Ni dai ina tsaye kamar an dasa ni.

Ta buɗe gaban motar da kanta, ta sa na tayar, ta kasa kunne. Ta zagaya da ita har unguwar Zogbo ta dawo. Ba ta kushe ta don ta karya mini farashi ba, alhali ta ga na riga na karye. Cewa ta yi, "Yaya, kin riƙe motar nan da amana." Muka daidaita a tsaye.

Sai da muka shiga zaure ɗauko takardu, mu biyu, ta ce ƙasa-ƙasa, "Yaya, vendre da D ake rubutawa, shi ne sayarwa. Ke T kika sa. A ventre, wato tana da ciki."

Ni mai jikoki! Wunin ranar ina zaune bakin titi ina shelar ciki, ina amsa addu'a da amin. Na ji kamar in shige ƙarƙashin tabarma. Ta dafa ni ta ce, "Ni ma da girmana na koya. Kada ki fasa zuwa lakol."

Ban fasa ba. Bakina ma bai mutu ba, kada ku yi zato. Amma yanzu duk abin da na rubuta sai na duba shi da kyau kafin in fita da shi, don na gane tsakanin D da T akwai wata tara.