Gayyar da Aka Kira ta Waya

"Sannu da hutawa, amarya marar haƙori."

"Yauwa, mijin da bai san cefane ba. Ina mutanen?"

Nagoggo ce zaune a bakin gonarta a bayan garin Sandamu, kunun da ta dama wa 'yan gayya har ya huce. Geronta na kwance a ƙasa, jibi kuma makiyaya za su saki shanu cikin gonaki. In ba a yanke an ɗaure ba, noman shekara ya tafi cikin dabba. Shi ya sa ta aiki jikanta Musaddiq, ɗan kwalejin nan mai ji da Turanci, ya kira mata gayya. Ga hantsi ya yi, ko mutum ɗaya bai leƙo ba, hankalinta duk ya tashi.

"Na fa kira su," in ji Musaddiq. "Saƙo na tura wa kowa a waya."

"Me ka ce musu?"

"Na ce a yi congregate a gonarki. Wato a taru. Babbar kalma ce, tsohuwa, ta fi ƙarfin kunnenki. Daga Latin Turawa suka aro ta, asalinta garke ne, yadda dabbobi ke haɗuwa wuri ɗaya."

"To ai garken na nan tafe jibi, su kam ba sa jiran saƙo."

"Laifina ne da danginki ba sa karatu?"

"Sun karanta sarai. Ɗan'uwana Audi ya karanta, ya ce shi ba a taɓa gayyatarsa da ɗan yatsa ba. Gayya ƙafa take so: ka taka gidan mutum, ka durƙusa, ka miƙa goro. Kakanka da gurguwar jaka yake zaga garin nan."

"Shi ya sa ya tsufa da wuri. Da ni kika fara aura, da tarakta kike girbi."

"Kai da ko kaji ba ka iya tarawa sai na watsa maka tsaba?"

Musaddiq ya dubi geron da ke shimfiɗe har ƙarshen gona. Ya sosa ƙeya yana dariya.

"Kin kayar da ni. Kawo goron."

Ta kwance gefen zaninta ta zuba masa a hula. Sai ta ware ɗaya, ta dafa sanda ta miƙe da ƙyar, ta tako har gabansa.

"Ungo naka. Gobe ina gayya, maigida. Kada ka ce ba a tako maka ba."