Ranar da na rungume surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da na rungume surukina a tsakiyar teku.

Ni mutum ne mai kunyar surukai ta gaske. Tun da na auri Rabi ban taɓa haɗa ido da mahaifinta ba, a tsugune nake gaishe shi. Da ya zo London ganin likita ya sauka a gidanmu na Lewisham, sai na koma cin tuwo a tsaye a kicin kamar ɓarawo. Nakan ji shi yana yabona a waya: "Mijin Rabi akwai natsuwa." Wannan yabon shi ne duk abin da nake taƙama da shi a danginsu.

Sai Rabi ta tsiro da nata. "Na yi mana booking, za mu kai Baba bakin teku a Cornwall ya ga whale, ƙaton kifin nan." (Ni da ko kogin Thames ta tagar bas nake kallonsa.)

Muka shiga jirgin ruwa, sanyi kamar zai cire kunne. Da farko lafiya lau. Kifayen dolfin na ta tsalle a gefenmu, Turawa na ɗaukar hoto, ni na harɗe hannu ina ta natsuwata. Har na tabbatar wa wata tsohuwa cewa ba sa cizo (wallahi ban sani ba).

Kwatsam ruwa ya tsage. Wani baƙin abu mai doro, ya fi bas tsawo, ya taso sama ya koma tim! Jirgi ya yi tangal-tangal. Ban san sanda na ƙwala "Wayyo Inna!" ba, na cafke wanda ke kusa da ni, na cusa kai a ƙirjinsa ina salati.

Ƙamshin turarensa ne ya fara sanar da ni ko wane ne. Ashe Alhaji surukina ne ya matso don ya gani sosai. Ji na yi kamar in bi kifin nan cikin ruwa. Shi kuwa bubbuga bayana yake yi kamar mai lallashin jariri.

"Ya isa, ɗana, ai ya tafi. Sake ni in gyara hulata."

Rabi ta yi dariya har da hawaye, ko taimako babu. Yanzu duk wanda ya je gaishe da Alhaji a Gusau sai ya sha labari, har muryata yake kwaikwayo.

Na dai ɗauki darasi: in za ka kai surukinka kallon dabbobi, kai shi gidan tarihi, inda duk sun riga sun mutu.