Kwamfutar Kausar da Wayar Tsoho

"...Lahiya lau, amarya. Ya gida, ya zahi? Ya muka ji da rashin wuta?"

"Da godiya."

"Shi ke nan? Ina sauran gaisuwar? Ko ita ma an yi mata tsada?"

Malam Gajere ke nan, ya dawo daga sallar azahar ya iske jikarsa Kausar a zauren gidan da suke haya a Talata Mafara, ta tasa kwamfuta gaba, ido ya yi ja. Wallahi abin tausayi. Yau ce ranar ƙarshe ta tura kundin bincikenta ga malaminta, kafin ƙarfe huɗu, in ta wuce sai baɗi. Kundin yana cikin kwamfutar, ita kuwa tun shekaranjiya da ta sabunta manhajarta ta koma hawainiya. In an kunna, sai wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a fuskarta har batir ya mutu. Unguwar kwana biyar ba wuta. Cajin da ta samo a kasuwa da safe shi ne na ƙarshe.

Tsoho ya zauna daf da kwamfutar, ya baje babbar rigarsa. Kausar ta yi bisimilla ta danna. Zobe ya fara juyawa.

"Kaka, matsa can. Duk sa'ad da zan kunna sai ka zo ka manne mata."

"Ina gadin dukiyata. Da kuɗin ragona aka sayo ta, ni ne ubanta."

"To ɗiyarka ta gado ka. Kai ma sai an yi kiran salla ukku kake miƙewa."

"Ni? Ni da na taka daga Gidan Goga zuwa Maradun kahin shayi ya huce!"

"A bayan jaki, kana barci. An ba ni labari."

"Maƙiya ne. Ki yi haƙuri da ita, sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba. Ƙarhe biyu da rabi hwa, Kaka! Shekara biyu ina karatu, yanzu ɗan zobe zai cinye min su."

"Ki jiƙa mata kanwa. Kumburin ciki ne, ta ci abin da ya hi ƙarhinta."

"In kanwa na magani da kai ka warke."

Ta ɗauki wayarta ta sake kiran Andrew, mai gyaran kwamfuta, wanda ya tafi aiki Bakura. Ta ce masa duk abin da ya faɗa ta yi: jiya da kwamfutar ta ga dama ta buɗe bayan awa guda, ta hana tarkacen manhajojin da ke tashi tare da ita, ta share hotunan biki don a samu fili, kafin ta taɓa kundin batir ya tafi. Andrew ya ce saura abu ɗaya, ta cire duk abin da aka jona mata, don wani lokaci bayan sabuntawa sai kwamfuta ta tsaya tana laluben baƙon abu ta ƙi wucewa.

"Ba abin da na jona mata," in ji Kausar, ta kashe wayar. Sai ta ga tsoho ya tsura wa rufin zaure ido yana jan carbi da sauri.

"Kaka."

"Na'am, amarya."

"Ɗaga hannun rigarka."

"Haba! Mace ta ce mijinta ya tuɓe a zaure? Ina kunya ta tahi?"

Ta yaye rigar da kanta. Ga siririyar igiyar caji ta fito daga gefen kwamfutar, ta bi ƙarƙashin buzun da yake zaune a kai, ta ƙare a tsohuwar wayarsa da aka ɗaure da roba.

"Innalillahi! Da ɗan gari akan ci gari! Kwana ukku ina kuka, ashe ɓarawon yana gehena yana jan carbi!"

"Wace sata? Ɗan tsotso ne. Tinkiya ba ta mutuwa don ɗan akuya ya sha nononta."

"Wagga ta mutu! Kai ka kashe ta, tsoho mai ran ƙarhe!"

"In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya ce ki aje ta da ramukka a buɗe?"

"Mi ya hana ka kai ta caji kasuwa kamar kowa?"

"In bar ta a hannun wani, Ɗantani ya kira ba ni nan?"

Ɗantani uban Kausar ne. Kwana tara ke nan da ya koma ƙauye ya kwaso ɗan geron da ya samu, ba a ji ɗuriyarsa ba. Ba shi da waya, sai ya ara, kuma lambar tsoho kaɗai ya haddace. Batirin wayar tsohon kuwa ya kumbura, ana zare ta take mutuwa.

Kausar ta dubi wayar, ta dubi zoben da ke juyawa. Hannunta ya kasa kaiwa ga igiyar. Hawaye suka zubo, ta ce, "Bar ta, Kaka. Baɗi ma rana ce."

"Ji sakarya. Ubanki ya dawo in ce mishi mi? Na cinye karatun ɗiyarsa da wanga gwangwani?"

Ya kama igiyar ya fizge da kansa. Wayar ta yi duhu a tafin hannunsa, ya rufe ta da ɗaya hannun.

Kausar ta kashe kwamfutar ta sake kunnawa. Zoben ya juya sau uku ya ɓace. Ko minti biyu ba a yi ba ga kundi a gabanta. Ta gyara shafin ƙarshe, ta tura, ƙarfe uku da kwata.

"Ya tahi?"

"Ya tahi." Ta share ido ta miƙa hannu. "Kawo gwangwanin naka. Tunda ta farka ba ruwanta da kai. Saura kaɗan a batir, ka tsotse shi duka."

Tsoho ya yi dariya har da tari. Ya laluba aljihu ya ciro goro ɗaya, bai ko ɓara ba ya ba ta.

"Kin kada ni, amarya. Riƙe duka."

Ta jona. Wayar ta haska, ba kiran kowa a ciki. Kausar ta ɓara goron ta mayar masa da rabi, suka zauna suna kallonta.