Benen Haladu Mai Hannu Ɗaya

Wani mutum ne a Gusau, Haladu. Birkila ne, amma ka kuskura ka kira shi birkila, kun ɓata ke nan har abada. Injiniya za ka ce. Wata bakwai ya taɓa yi yana ɗaukar kwanon siminti a Abuja. Tun daga nan duk dogon benen da aka nuna a talabijin sai ya taɓe baki ya ce, "Wannan? Ai ni na ba su shawarar harsashin."

Ana nan sai ƙungiyar 'yan hatsi ta tashi gina bene hawa tara. Haladu ya rantse aikin nan nasa ne. Ya zuba babbar riga da ta sha sitati har tana ƙara, ya naɗo takarda, sai rumfar shugaban ƙungiya, Alhaji Mati. Ya baje zane a kan buhun masara. Jama'a suka yi caa suna leƙe. Ƙasan ginin siriri kamar muciya, can sama kuma wani ɓangare ya miƙe gefe guda zungurere, babu komai a ƙarƙashinsa.

"Irin na Dubai ke nan," in ji Haladu. "Daga Zariya ma sai an zo kallo."

Ashe Alhaji Mati ya kira 'yar ƙanensa, Rakiya, wadda ita injiniyar gine-gine ce ta gaske. Ta duba zanen tsaf, ta ɗago kai.

"Malam Haladu, na ga ka kula da nauyin da ke danna gini ƙasa. To iskar hadari fa? Ita daga gefe take bugowa. Gini mai hannu ɗaya irin wannan, in ta kama hannun, murɗe shi za ta yi kamar ana matse wanki."

Haladu ya ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki.

"Iska! Alhaji, ka ji karatun takarda ko? Iskar da ke kaɗa zani a igiya? Ku matsa, yanzu zan nuna muku."

Ya fito tsakiyar rumfa, ya ɗage ƙafa ɗaya, ya miƙe hannun dama gefe, riga ta baje.

"Ni ne benen. Alhaji, zo ka danna!"

Alhaji Mati ya dafa kafaɗunsa ya danna iya ƙarfinsa. Ko gezau.

"Ƙara! Wa kuma? A kira 'yan dako!"

'Yan kasuwa suka fara gyaɗa kai. Wani har ya ce a ba shi aikin kawai a huta.

Rakiya ta ce, "Baba, ɗan tura masa tafin hannun nan ta gefe. Kaɗan."

Alhaji ya sa yatsa ɗaya ya tura.

Wuul! Haladu ya juya kamar katantanwa. Ƙafa ta harɗe da riga, hula ta yi gabas, ya kai cafka ga turken rumfa ya kama iska. Ji kake tim! Kai ya nutse cikin buɗaɗɗen buhun dusa, ƙafafu a sama suna harbe-harbe.

Da ƙyar aka zaro shi, fari fat har gashin ido, yana ta atishawa. Alhaji ya naɗe zanen ya cusa masa a hammata.

"Ha'a! Wannan ai cuta ce!" in ji Haladu yana tofar da dusa. "Ban shirya ba! Ba ku ce za ku tura yanzu ba!"

Rakiya ta ce, "Ayya, sannu Injiniya. To sai ka bar wa iskar lambar wayarka, ta riƙa kiranka kafin ta taso."