Yadda Za Ka Mayar wa Surukinka Motarsa Ba Tare da Ya Gane Ta Je Gona Ba

Idan surukinka ya ba ka ajiyar motarsa, ya ce ka je ko'ina da ita ban da gona, kai kuma ka kwashe ta ka kai ta gonar, to kwantar da hankalinka, ka zo inda ya dace. Matakai bakwai ne kacal. Duk wanda ya bi su daki-daki, na yi masa alkawarin zai miƙa mukulli ya karɓi godiya, har a ɗora masa da sa albarka. Ni dai ko keke ban taɓa gyarawa ba, amma na daɗe ina zama a bencin masu gyara, kuma abin da kunnena ya kwasa a can ya isa in koyar.

Ɗalibinmu na misali shi ne Malam Muntari, malamin firamare a Gwarzo, mai babur ɗaya da farar shadda biyu. An yi wa surukinsa Alhaji Ƙasim aikin ido a Kano, likita ya hana shi tuƙi, ya kuma gargaɗe shi kada ko ƙwayar ƙura ta shiga idon kafin ya warke. Alhaji ya tafi jinyar sati uku gidan ƙaninsa a Kabo. Da zai tafi ya tsallake 'ya'yansa maza uku, ya danƙa wa mijin 'yarsa Kamila mukulli, ya ce a riƙa tayar da motar kada batir ya mutu. Muntari ya ji daɗin wannan yarda har cikin ransa, kuma ita ce yake tsoron rasawa.

Mataki na 1: Tabbatar wa kanka ba laifinka ba ne

Wannan shi ne tushe. Mutumin da ya yarda ya yi laifi ba ya iya ɓoye shi da kyau.

Dubi Muntari. Ranar Asabar mahaifiyarsa Marka ta kira shi daga Kutama, ta ce ana sussukar geronta, ga hadari yana ta haɗuwa, babu mai kwaso mata buhuna. Uwa ce fa. Me za a yi da babur a kan buhu biyar? Har nan babu mai ganin baƙinsa.

Sai dai da ya isa masussuka, ya ga yadda aka miƙe ana kallon motar, sai zuciya ta ce masa ai rowa ce a kashe ta. Ya bar injin a kunne, ya ƙure na'urar sanyin nan da muke kira esi, ya gayyaci dattawa su shiga bibbiyu su ɗanɗana. Suka yi ta shiga suna fita suna sa masa albarka har kusan awa biyu. Bai lura ya ajiye motar daidai inda iska ke kwaso ƙaiƙayin da mata ke shiƙewa ba. Bai kuma san mota tana shaƙar iska ta wata raga da ke ƙasan gilashin gaba ba, balle ya san akwai maɓallin da ke hana ta shaƙar ta waje. Matatar da ya kamata ta tare dattin kuwa, wani bakanike ya cire ta tun shekarun baya bai mayar ba.

Dattawan ba su ji komai ba, fatarsu ta saba. Muntari ne, da ya kamo hanyar gida, ya ji wuya ya ɗauka, sai hammata, sai gadon baya inda hannu ba ya kaiwa. Ya duba kafofin iskar, ya ga ƙaiƙayin gero yana fitowa siriri-siriri yana bin sanyi.

Ka ga ashe laifin iska ne, da na wancan bakaniken da ba a san ko waye ba. Riƙe wannan.

Mataki na 2: Wanke duk inda ido ke gani

Kai ta wurin wanki. Gobe ka sake kai ta. Sa a cire shimfiɗun ƙafa a kakkaɓe, a goge but ɗin baya da ake zuba kaya, a bi tayoyi da buroshi har jar ƙasar gona ta fita. Muntari sau huɗu ya wanke ta cikin kwana shida, har mai wankin ya tambaye shi ko sayar da ita za a yi.

Wanki ba ya kaiwa cikin bututun iska, amma yana sanyaya zuciya, kuma a wannan matakin zuciyar ce ta fi bukatar gyara.

Mataki na 3: Tambayi kowa, ban da wanda ya sani

A Gwarzo akwai mai gyaran esi da kowa ya yarda da hannunsa, Hammadu. Kada ka kuskura ka je wurinsa. Sahu ɗaya suke sallah da Alhaji Ƙasim, kuma bakinsa ba ya riƙe magana ko ta minti biyar. Yau ka kai masa mota, gobe har masu kiran sallah sun san abin da aka ciro daga cikinta.

Maimakon haka, ka je majalisa ka ce wani abokinka ne a Kabo motarsa ke feso ƙura. Za ka sha mamakin yawan masana. Mutum shida Muntari ya tambaya, biyar suka ce gas ɗin esi ne ya ƙare, domin a garin nan ko ƙofar mota ce ta ƙi rufuwa wani zai ce a duba gas. Na shidan, wani tsohon direba, ya dube shi sama da ƙasa, ya ga yana goga baya a jikin bango, ya ce a gaya wa abokin nan ya daina kai motar mutane masussuka.

Irin wannan mutum ba a sake zama kusa da shi.

Mataki na 4: Gwada iska, in ta ƙi ka gwada wuta

Hikimar a nan ita ce, abin da iska ta shigar iska ce za ta fitar. Je wurin mai faci, ka roƙe shi ya zura tiyon iskarsa a kafar esi ya saki. Muntari ya yi haka, ya kuma sunkuya ya kafa ido a ɗaya kafar don ya ga ko aiki na ci. Aiki ya ci. Muntari ya ɗago fari fat har gashin ido, mai facin ya juya baya yana ta tari don kada a ga dariyarsa. Abin takaicin, ƙaiƙayin da ya fito bai kai rabin wanda ya ƙara cusuwa ciki ba.

Idan haka ta faru, murɗa maɓallin sanyi zuwa ɓangaren ja, wanda tun da aka kawo motar ƙasar nan ba wanda ya taɓa. Hita kenan. Rufe gilashi, ka ƙure ta, ka zauna a ciki ka jira ƙaiƙayin ya ƙone. Ba zai ƙone ba. Muntari ya yi rabin awa a ciki da tsakar rana, ya fito sharkaf, ƙaiƙayin ya manne da gumi, motar kuma ta ɗauki ƙanshin tumu kamar ana gasa shi a bakin murhu. Daga nan ya zuba garwashi a kasko, ya turara ta da turaren wutar Kamila har kujeru suka ƙoshi.

Mataki na 5: Kada ka saurari matarka

Za ta gane. Mutumin da ke wanka sau biyar a wuni, yana susa har a kan tabarmar cin abinci, ba ya ɓoyuwa ga matar da suke ɗaki ɗaya. Kamila ta ga turarenta ya yi ƙasa, ta ga buhunan sabon gero a zaure, ta haɗa ɗaya da ɗaya. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi ya kira Baba ya gaya masa gaskiya, ya kai wa Hammadu motar, faɗan kwana ɗaya ne ya wuce. Ta tuna masa zancen likita, ta ce idon mahaifinta ɗaya ne mai kyau, shi ne kuma aka yi wa aikin.

Shawara ce mai sauƙi, shi ya sa ba ta dace da mu ba. Muntari ya ce ta bar masa komai, ya san abin da yake yi. Gaskiyar magana kunya ce ta cika shi. Ya kasa hango kansa tsugune gaban mutumin da ya fifita shi a kan 'ya'yan cikinsa, yana cewa abu ɗaya tak da aka hana shi, shi ya yi.

Mataki na 6: Tanadi uzuri uku, ka riƙa fitar da su ɗaya-ɗaya

Ranar ɗauko mai mota, dabararka ita ce a iso gida ba a kunna esi ba. Sauke gilasai tun daga gida, ka ce iskar Allah ta fi lafiya.

Muntari ya isa Kabo bayan azahar. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ya tsuguna ya yi ya jiki, ya yi ya ƙarfin ido, aka tambayi Kamila da yara. Alhaji ya fito da baƙin tabarau, ƙaninsa na riƙe da hannunsa, ya zauna a gaba. Ko barin unguwar ba su yi ba wata babbar mota ta wuce ta tayar da ƙura, Alhaji ya ce a ɗage gilasai duka, likita ya hana.

Nan lissafi ya fara rushewa. Gilashi a rufe, rana a tsaka, turaren wuta ya cika motar. Alhaji ya ce a kunna esi.

Muntari ya ce sai inji ya ɗan yi zafi tukuna. Alhaji ya ce ai daga Gwarzo aka taho da ita. Muntari ya ce ya ji an ce sanyi ba ya yi wa sabon aikin ido kyau. Alhaji ya ce ɗakin da aka yi masa aikin ma sai da ya nemi bargo. Muntari ya ce mai ya yi ƙasa. Alhaji ya ce su tsaya gidan mai na gaba, shi zai sa a cika ta.

Uzuri uku kenan, sun ƙare kafin a bar Kabo da nisa. Laifinsa ne, ya yi saurin kashe su.

Mataki na 7: Bar shi ya kunna da hannunsa

Wannan ne matakin da ke raba gwani da ɗan koyo. Idan mai mota ya miƙa hannu, ka kafa ido a kan titi. Shi ya danna, ba kai ba. In ƙaiƙayi ya feso, ka fi shi mamaki, ka yi salati, ka ce wallahi ɓeraye sun yi yawa a gari.

Alhaji Ƙasim ya miƙa hannu yana laluben maɓallin. Kafar iskar tana saitin fuskarsa, tabarau kuwa ba ya rufe gefe. Muntari ya ga yatsan ya sami wurin. Mutumin da shekara tara bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba, sai ga shi ya cafke wuyan hannunsa, ya gangara gefen titi ya taka birki.

"Baba, kada ka kunna. Ƙaiƙayi ne a ciki. Na kai ta Kutama, na ɗauko wa Inna gero, na bar ta a kunne a masussuka don mutane su gani. Ka yafe mini."

Alhaji bai janye hannunsa ba. Muntari ne ya ji kunyar riƙon ya saki da kansa.

"Malam Muntari, ido aka yi wa aiki, ba hanci ba," in ji shi. "Shekara talatin na yi ina noma. Tun da na sa ƙafa a motar nan nake jin sabon gero a ƙarƙashin turaren Kamila."

Muntari ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, to me ya sa ya miƙa hannu.

"Idona a runtse yake, ba abin da zai same shi. Mota kuma ƙarfe ce. 'Yata na ba ka, ina so in san wa na ba."

Muntari ya kifa kai a kan sitiyari. Alhaji ya yafa hiraminsa a fuska, ya ce a ɗan sassauta gilashin baya, a wuce kai tsaye wurin Hammadu.

Hammadu ya cire akwatin da ke gaban kujerar fasinja, ya kwance fanka, ya kwaso ƙaiƙayi cikin tafin hannu har sau uku, ya busa bututun, ya sa sabuwar matata, duk kafin a kira la'asar. Zuwa magariba babu wanda bai ji labari ba a masallaci, 'ya'yan Alhaji uku kuwa har da tafa hannu. Da Muntari ya miƙa mukulli a ƙofar gida, Alhaji ya ce ya riƙe, ai likita bai ba shi izinin tuƙi ba tukuna.

Sanarwa

Kamar yadda ka gani, hanyar ba ta da aibi, ɗalibin ne ya karaya a matakin ƙarshe, don haka kada a jingina mini abin da ya biyo baya. Babu ruwana da susa, ko turaren da ya ƙare, ko sunan da za a laƙaba maka a majalisa. In matarka ta daina yi maka magana, ku kuka sani. Wanda kuma ya sami ƙarfin zuciyar bin mataki na bakwai har ƙarshe, kada ya ce a wurina ya koya, kada kuma ya turo neman aure gidanmu.