Sharar Shekara Talatin

Ranar da na fita takaba na fara kasa daddawa a kasuwar Ƙarfi, Baba Maitama ne ya fara saye. Bai watsa mini kuɗin wuri a tabarma ba. Ya durƙusa, ya zuba mini a tafin hannu, ya ce, "Diyos se lo page." Na tsorata. Ya ce "Allah ya saka miki" ke nan da bakin mutanen da suka riƙe shi.

Yana saurayi aka kama shi, aka yi ta sayar da shi har bayan ruwan gishiri, wani tsibiri wai shi Kuba, inda Sifaniyawa ke noman rake. Can ya yi tallar ruwa har ya fanshi kansa. Sai bayan shekara talatin ya dawo. Kowa na girmama shi, amma girman baƙo. Har Sabuwa, 'yar kawunsa, wadda a wasan taubasai shi ɗan mace bawanta ne, ba ta taɓa tsokanarsa ba tun dawowarsa. Wa zai iya ce wa irinsa bawa?

Da watan Cika-ciki ya kama, lokacin da ɗan mace ke share ƙofar 'yar namiji a ba shi kuɗin shara, ya ari tsintsiyata. Darni ɗaya ne tsakanina da Sabuwa, komai a kunnena.

Na ji tana cewa, "...lafiya lau, Malam Maitama. Me ya haɗa dattijo da tsintsiya?"

"Malam? Yaushe na yi karatu? Matsa, por fabor, ƙafarki ma shara ce."

"Me ka ce?"

"Don Allah, na ce. Can ko korar mutum za ka yi, da shi kake farawa."

"Ajiye, mutane na kallo."

"Su kalla. Kuɗin shara na zo karɓa, na shekara talatin."

"Ina ka share?"

"Rabin duniya, Sabuwa. Ke ce ba ki zo dubawa ba. Can mai saye cewa yake kuwanto es, wato nawa ne. To tambaye ni."

Na leƙa ta kafar darni. Bakinta na motsi, tana danne dariya.

"In tambaye ka? Dubi inda ka share. Akuya ta fi ka gyara wuri da bindinta."

"Madalla. Ashe haƙoran ne kawai suka zube, harshen na nan."

"Sun fi naka yawa. Ka tafi da suma, ka dawo da kai kamar ƙoƙon da aka kankare."

"Ni ranar ƙasar mutane ta cinye gashina. Ke da ba ki taɓa wuce Bakori ba, me ya cinye naki?"

"Jiran mai shara."

"To ga shi ya zo, biya. Sifaniyawa da ba su san alƙibla ba, in ka kai musu ruwa sai su biya, su ce garasiyas, mun gode. Ke 'yar Musulmi kina ja."

"Ai su sayenka suka yi..."

Ta kama bakinta. Tsintsiya ta tsaya. Ni ma na tsaya da salatin da nake yi.

"Ƙarasa mana," in ji shi a hankali. "Su sayena suka yi. Ke fa?"

"Ni gadonka na yi." Ta sauke hannu daga bakinta. "Tun kana cikin gwaggo kake bawana. Su aro suka ɗauka, ko sallama ba su yi mini ba."

"Na fanshi kaina a hannunsu."

"A hannuna ba ka da abin fansa. Share can, malalacin bawa, ka bar kashin awaki a gindin rumbu."

Baba Maitama ya yi dariya har sai da ya dafa darni. Ban taɓa ganin dasashinsa ba sai ranar. Ya sunkuya ya share ƙofar tas. Sabuwa ta shiga ta fito da ƙwaryar fura da wuri a gefen zane, ta durƙusa ta zuba masa a tafin hannu, yadda shi yake yi wa mutane.

"Yaya ma ake cewa?" in ji ta.

"Ni ke da faɗa. Diyos se lo page."

"Amin, in dai ba zagi ba ne. Na bana ne wannan. Sauran ka bi waɗanda suka are ka."

Bayan la'asar ya maido mini da tsintsiya, ya miƙo wuri biyar ladan aro. Na ƙi karɓa. Ya juya ta a hannunsa, ya ce:

"To Shafa'atu, kada ki yi shara da ita. Rataye mini ita a ɗakinki, por fabor. In Allah ya kai mu baɗi, zan zo in ɗauka."