Yardar Shiru a Gada Biyu

A daminar da kwatar layinmu ta toshe, ruwa yana shiga gidaje, aka naɗa ni shugaban kwamitin unguwa. A taron farko na yanke cewa ranar Asabar kowane magidanci zai fito da shebur. Ba wanda ya ce uffan. Sakatarenmu Mista Pam, tsohon malamin makaranta, ya rubuta wata kalmar Turanci, "tacit", ya ce ma'anarta abin da aka amince da shi ba tare da an furta ba.

Na ji daɗi ƙwarai, domin na karanta irin wannan a littattafan usulun fiƙihu, inda malamai suka tattauna ijma'in shiru, wato ɗaukar rashin musu a matsayin yarda. Har na yi wa jama'a bayani mai tsawo a kai. Suka ƙara yin shiru, ni kuma na ƙara samun yaƙini, na sa mai ɗakina Hajiya ta dama kunun mutum talatin ranar aikin.

Ranar Asabar na tsaya bakin kwata har hantsi. Mista Pam kaɗai ya zo, da littafin taro a hammata.

"Baba, ai ba yarda suka yi ba," in ji shi. "Kunyar musa wa babba suka ji."

"To, don me ka rubuta haka?"

"Ni ma kunyar na ji."

Kunun dai gidajen waɗanda suka ƙi fitowa aka rarraba wa. Har yau, in na tambayi Hajiya ko abinci ya sauka, sai ta yi shiru, can ta ce, "Malam, ai na amsa maka da Turanci."